Kuɓewar Gwaggo Tabawa

Tun da aka rufe garin da rumfar gilashi, babu damina, babu rani. Kullum bayan la'asar ruwa yakan sauko daga rufin, ya yi minti goma, ya ɗauke. Lambun Gwaggo Tabawa na bayan ɗaki bai sake bushewa ba.

Yau ma ta tsinko kuɓewa cike da kwano. Tana yankawa tana shanyawa a kan tabarma, tanadin rani kamar yadda ta saba, ko da yake ta san ruɓewa za ta yi.

Zulai, ɗiyar ƙanenta, ta zo daga nesa yi mata gaisuwar mijinta.

"Gwaggo, ki yafe ni, sai yanzu Allah ya yi. Damina nawa ke nan da rasuwar Malam?"

Tabawa ta dubi lambun. A da da shi take ƙirga shekaru: wadda tumatir ya ƙone, wadda fāra ta cinye yakuwa. Yanzu ga kuɓewa nan tana fure, yadda take ranar da aka fita da gawarsa.

"Ko ɗaya," in ji ta.

Ta ci gaba da yanka.