Barkar Inna ta Bayan Gilashi

Tun da aka wajabta hoton ƙirji duk shekara, an daina jiran mutum ya yi tari. Hoton Inna ya nuna tarin fukan da ke kwance a huhunta zai tashi baɗi, sai aka ɗaura mata jan zare a hannu.

Da Yaya Zinatu ta haihu, na raka Inna barka, ina ɗauke da kunun kanwar da ta dama. Mijin Yaya ya tare mu a soro, ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a kan zaren.

"Inna, a yi haƙuri. Ta taga za a nuna miki shi."

"Ɗan nan, ka taɓa jin na yi tari?"

"Ai hoton bai ce yau ba, Inna."

"To ni ma yau na zo, ba baɗi ba."

Bai karɓi kunun ba. Aka ɗago jaririn ta bayan gilashi, Inna ta ɗaga masa hannun da ba zare.

A mota ta cije leɓe har gida. Kuka yana sa ta tari, ga mutane maƙil a gefenmu.