Kadangaren Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar cewa na'urar mamaci ba ta buɗuwa sai mahaifiyarsa ko matarsa ta faɗi sunansa, ofishin gado bai rabu da layi ba. Da layi ya zo kan Inna Dije, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar na'urar wasan ɗanta.

"Inna, faɗi sunansa," in ji Ramatu, ma'aikaciyar wurin. "In yau ta wuce, komai na ciki zai goge."

"Ɗan fari ne, 'yata. Bakina bai taɓa kama sunansa ba."

"Hotunansa ne a ciki?"

"A'a, wani ɗan kadangare ne mai yagaggen wando. Kullum sai ya faɗa rijiya, ya fito ya kakkaɓe gwiwa ya sake gudu, bai taɓa jin haushin mai riƙe da shi ba. Yaron nan har ya yi furfura yana masa dariya, har a gadon asibiti. In ka ajiye shi, sai ya zauna ya juyo yana gyaɗa maka kai. Ba na so a goge shi yana jira."

Ramatu ta toshe kunnuwanta, ta kawar da kai. Inna ta kai na'urar bakinta.

"Haladu," ta ce a hankali.

Na'urar ta kawo haske. Kadangaren yana zaune a bakin rijiya. Ya miƙe da sauri, ya dubi Inna, ya leƙa bayanta kamar mai neman wani. Sannan ya koma ya zauna.