Ɓarawon Kanwar Saniya

Ƙasimu ya laɓe bayan rumbu, sanda a hannu. Tun lokacin da fari ya tsananta a 1973 nonon matarsa Turai ya ƙafe, jaririnsu da madarar saniya ɗaya yake rayuwa. Yanzu saniyar ma ta janye nono, sai lasar bango take, domin kullum ana sace kanwar da ya sayo mata a Gwaram.

Wani hannu ya shiga komin saniyar. Ya cafke shi.

"Inna! Ke ce?"

Mahaifiyarsa ta ƙi saki. "Kunun kanwa nake dama wa Turai, ko nononta zai dawo."

Jaririn ya tsala kuka daga ɗaki. Dunƙulen kanwa ɗaya ya rage.

"To, zaɓi," in ji Inna. "Wace uwar za a ba?"