Kabarin Sanda

Direban ya sauke ta a bakin masallaci, ya ce motar ƙarshe bayan La'asar take tashi, khalas, shi ke nan, wanda ya makara ya kwana da kifi. Zaituna ta harare shi ta gyara mayafinta.

Ranar Babbar Sallah ce. Abokan aikinta na jinya duk sun bar unguwar Karama da suke zaune a Dubai sun tafi manyan kantuna ɗaukar hoto. Ita kuwa ga ta a wani ƙauyen masunta bayan duwatsun Fujaira, ita kaɗai, saboda Umma.

Bara, ana gobe Sallah, aka buga waya Kano cewa ƙaninta Sanda ya faɗa teku daga jirgin kamun kifin da yake wa aiki. Sai da ruwa ya gama da fuskarsa sannan ya dawo da shi. Da katin shaidar da ke aljihunsa aka gane shi, aka binne shi a nan. Umma ta ƙi karɓar gaisuwa. Ta ce jikinta bai ba ta ɗanta ya mutu ba. Tun ranar take ramewa kamar ana zuƙe ta. Da Zaituna ta samu aiki a Dubai, Umma ba ta roƙe ta turare ko atamfa ba. Cewa ta yi, "Ki je ki gano min kabarin da idonki. In kin gani, zan haƙura."

Garin ya yi tsit. Shaguna a rufe, ƙanshin suyar nama na fitowa ta bayan katangu, amma ba kowa a titi. Mai shayi ɗaya da ta samu, ɗan Pakistan, ya ɗaga kafaɗa kawai da ta ambaci maƙabarta.

A bakin ruwa ta hango wani baƙin mutum zaune kan kwale-kwalen da aka kife, yana kallon teku. Siriri ne, kayan aikinsa jiƙe sharkaf, a wannan ranar da ko kwalta narkewa take.

"Salamu alaikum."

Shiru.

Ta sake. Ya juyo ya kalle ta, bai ce uffan ba. Ranta ya ɓaci. Da Hausa ta yi tsaki ta ce, "Aikin banza. Ranar Sallah ma mutum ba zai amsa sallama ba."

"Kabarin Sanda kike nema," ya ce, da Hausa tsantsa. "Kuna kama. Biyo ni."

Ta bi shi, tana jin haushinsa tana kuma jin daɗin ta sami ɗan gida. Suka wuce ta gaban mai shayi tana ta jero tambayoyi. Tare kuka yi aiki? Ya sha wahala? An yi masa sallah kuwa? Mai shayin ya tsaya da buta a hannu yana bin ta da kallo kamar ya ga mai taɓin hankali.

"An yi sallah," mutumin ya ce. "Mutanen kirki ne. Sahu biyu."

Maƙabartar fili ce ta tsakuwa da gajeriyar katanga, ba bishiya ko ɗaya. Babu suna a kan kowane kabari, dutse ne ta kai, dutse ta ƙafa. Zaituna ta tsaya daga bakin ƙofa, ta yi wa mamatan sallama yadda Umma ta koya mata: "Assalamu alaikum ahlad diyar."

"Wa alaikumus salam," in ji mutumin a bayanta.

"Au, sai yanzu kunnen ya buɗe?"

Bai kula ta ba. Ya nuna kabarin ƙarshe, kusa da katanga. Ta ɗaga hannu za ta yi addu'a.

"Adana hawayenki tukuna," ya ce. "Je ki rumfar masu gyaran tarun kamun kifi a ƙarshen gari. Akwai wanda ya san yadda aka yi. Ki ce masa shekara ta zagayo, ya kira Yola."

Aka fara kiran La'asar. Ta waiwaya ta dubi hanyar mota, ta dubi hanyar rumfa. Kafin ta tambaye shi wace Yola kuma, ya riga ya shige cikin maƙabartar. Ta zaɓi rumfa.

Mutum ɗaya ne a ciki, ya ba wa titi baya, yana ɗinke taru. Ko cikin taron Idi ta ga wannan ƙeyar za ta gane ta.

"Sanda?"

Tarun ya faɗi. "Yaya..."

Mari ta fara kai masa, mai kyau, sannan ta rungume shi. "Ɗan banza! Umma na can tana ƙarewa, kai kana nan kana ɗinki?"

Yana kuka ya faɗa mata. Abokinsa Gidaɗo ne bizarsa ta ƙare, ba a hawa jirgi sai da kati, shi kuma Sanda zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ya ara wa Gidaɗo katinsa. Gidaɗo ne ya faɗa teku. Da aka binne shi da sunan Sanda, tsoron gidan yari ya rufe wa Sanda baki.

"Ɗan Yola ne, Yaya. Uwarsa har yau jiran wayarsa take. Na kasa kiranta." Ya share fuska. "Ba wanda ya san ina nan. Wa ya turo ki?"

"Wani mara tarbiyya can, jiƙe sharkaf, ko sallama ba ya amsa..."

Sai ta tuna. Ai ya amsa. Sau ɗaya tak ya amsa, kuma sallamar da ta yi wa mutanen kabari ce.