Jifa Biyu, Zabo Ɗaya

Ilu, tunda ka ce in ɗanka ya yi ɗinki ya karkace kai kake warwarewa ka sake a ɓoye don kada ransa ya ɓaci, ajiye almakashin nan ka ji wani misali.

An yi wani manomi a wani ƙauye da ke bakin fadama. Al'adar gidansu ce, in kaka ta yi an kwashe dawa an bar kara, sai maza su fita farautar zabin daji, manya da yara, da karnuka da kere, wato sandan jifa. Dokarsu ɗaya ce: wanda kerensa ya kayar da zabo, shi zai rataya shi ya shiga gari da shi. Mutumin nan ɗansa ɗaya tal, yana ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya. Ran da aka fara fita da yaron ya yi jifa ya kuskure, 'yan'uwa suka yi masa dariya, idonsa ya ciko da ƙwalla. Abin ya soki uban har cikin rai. Daga ranar sai ya riƙa tsayawa a bayansa. Da zabi sun tashi yaro ya saki kere, shi ma sai ya saki nasa. To, cikin ƙura da haushin karnuka wa zai tantance? Zabo na faɗuwa uban zai riga kowa isa, da sunan zai yanka kafin ya mutu, ya ɗauke nasa keren, ya ɗaga tsuntsu sama ya ce jifan ɗansa ne.

Ƙanen mutumin shi ma yana da ɗa, sa'an wancan, amma shi ba ya tare masa komai. Yaro ya yi ta komawa gida hannu Rabbana, ana tsokanarsa ana ce masa mai jifan iska. Abin da ubansa ke gaya masa kawai shi ne, ba inda zabo yake ake jifa ba, inda za shi ake jifa. Haka ya yi ta shan kunya kaka bayan kaka, har hannunsa ya faɗa. Shi kuwa ɗan gata sunansa ya zagaye gari. Ya zama saurayi bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi jifansa ba ya kuskure ba. Kai ma ka sani, ba mai binciken abin da ke yi masa daɗi.

Sai wata kaka uban ɗan gatan ya faɗo daga kan rumbu, kafaɗarsa ta dama ta goce, aka ɗaure. Ya lallaɓa ɗan ya haƙura da fita bana, ya kawo wannan dalili ya kawo wancan. Ina! Saurayi ya riga ya yi wa gidan yarinyar da yake nema alkawarin zabi, yayyenta ma sun ce za su biyo su ga gwanin da ake faɗi. Dole uban ya bi su da hannu a rataye, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Zabi suka tashi, saurayi ya yi jifa, kere ya wuce ta gefe. Suka sake tashi, ya sake kuskurewa. Tun hantsi har rana ta take tsaka ko gashin zabo bai fige ba, mai jifan iska kuwa ya rataya har kafaɗa ta yi masa nauyi. Ba wanda ya yi dariya, kuma shirun nan ya fi dariya ciwo. Saurayi ya waiwaya, ya ga ubansa a bayansa, daidai inda yake ganinsa kullum. Ya dubi hannun nan da ke ɗaure, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce a hankali, "Baba, dama kerenka ne?"

Uban ya sunkuyar da kai. Ƙwallar da ya hana yaro zubarwa a gaban 'yan'uwansa, ga shi yau yaron ya zubar da ita da gemunsa, a gaban surukai.

Saboda haka Ilu, tausayinka nake ji, amma na fi jin tausayin yaron. Ka bar shi ya ga karkataccen ɗinkinsa yanzu, ka zaunar da shi ya warware da hannunsa tun kana kusa kana nuna masa. Ba kullum za ka kasance a bayansa riƙe da kere ba. Mutanen da sun gama magana da suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.