Ruwan da Aka Hana Iliasu

Tun da hantsi Safiatu take wankin tsummoki a bakin kwata, ƙudaje na binta, ɗoyi ya cika tsakar gidan hayarsu a Zangon Kumasi. Gudawa ce ta kama ɗanta Iliasu, wanda bai daɗe da fara rarrafe ba. Mijinta Karimu ya shiga daji sayen goro, ya bar ta a hannun gwaggonsa, Mma Zuleha.

Yaron ya miƙa hannu wajen randa yana lasar leɓe. Safiatu ta ɗebo ruwa ke nan, tsohuwar ta fizge moɗar.

"Ke 'yar nan, kanki ɗaya kuwa? Tulu na yoyo kina ƙara masa ruwa? Bar cikin ya bushe!"

"Mma, ƙishi yake ji."

"Ni na goyi ubansa. Nonon ma ki rage."

Safiatu ta bar mata moɗar, don ba a musu da babba.

Da maɗigar yaron ta lotsa, wato tsakiyar kan nan mai taushi, sai Mma Zuleha ta aika a kira Moro mai magani. Ya iso da goro cike da kunci, farcensa baƙi ƙirin. Ya kwaɓa toka da garin saiwa da tsohon man kaɗe, ya tofa jan yawu a ciki, ya shafe kan yaron da shi. Safiatu ta kau da fuska.

"Kan ne ya buɗe, iska ta shiga," in ji Moro. "Amarya, kada ruwa ya taɓa bakinsa sai wannan ya bushe ya faɗi da kansa." Ya goge hannu a riga, ya jawo kwanon wake da shinkafa ya hau ci.

Iliasu ya yi ta kuka babu hawaye. Daga baya kukan ya koma nishi, ya daina jiƙa tsumma.

"Kin gani?" in ji Mma Zuleha. "Magani ya ci."

Safiatu ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa, ta ga ta tsaya a tattare kamar ta tsoho. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta saɓa shi a baya, ta fita ko takalmi babu.

A asibiti wata nas Ba'asantiya, 'yar ƙabilar garin, ta kankare ƙazantar daga kansa tana toshe hanci. Hausarta ba ta nuna ba, amma Safiatu ta ji kowace kalma.

"Maame," ta ce, wato uwa a harshensu, "yaushe yaro ya sha ruwa?"

Safiatu ta gaya mata an hana shi ruwa, wai kansa ne ya buɗe.

"Ei! Kai bai buɗe ba. Ruwa ya ƙare a jiki, shi ya sa ya lotsa."

Gaskiya nas ɗin ta faɗa. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, na jariri ma ya fi haka. A cikin ruwa gishiri da abinci suke narkewa, jini ya kai su ko'ina, kuma ruwa ke fitar da datti ta fitsari. Gudawa kan kwashe ruwan da gishirin tare. In ba a mayar ba, jini ya ragu, zuciya ta rasa abin turawa.

Aka nemi jijiya a hannun Iliasu domin a ƙara masa ruwa, aka nema a ƙafa, duk sun shafe. Kafin la'asar ya cika.

A gida Mma Zuleha tana gaya wa masu ta'aziyya kwanansa ne ya ƙare. Safiatu kuwa tana zaune a bakin ƙofa, tana kallon yadda ake shiga da ruwa bokiti-bokiti domin wankan gawar yaron da ya mutu da ƙishirwa.

Iyayena da 'yan'uwana, in gudawa ta kama yaro, a ba shi nono da tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan, a gaggauta kai shi asibiti. Hana shi ruwa ba magani ba ne, kisa ne.