Ramin Ƙarƙashin Lilo

Kai da 'yan unguwa suka damƙa wa amanar sabon filin nan, matso kusa ka ji wani misali.

A wata unguwa an yi wani tsohon mai fenti, mutumin kirki, ba shi da abokin faɗa sai datti. Shekara arba'in yana shafa wa gidajen mutane launi, har ta kai in ya ga shatin yatsa a bango sai ka ce a idonsa aka dangwala. A tsakiyar unguwar akwai wani juji, kuma shi ne ya yi ta sintiri zuwa ƙaramar hukuma, takalminsa ya cinye, har aka ba su tallafin gwamnati don a mai da jujin wurin wasan yara. Tallafin kashi biyu ne. Da na farko aka kwashe shara, aka ja waya, aka kafa lilo uku da benci, aka dasa darbejiya ashirin. Na biyun kuwa rijiyar burtsatse ce, guda ɗaya tal aka ware wa yankin a shekarar. Aka ce bayan damina za a zo dubawa, filin da ya fi amfanar jama'a shi zai samu. Tsoho ya sani sarai in babu rijiyar nan, dashensa ba zai ga ƙarshen rani ba, don unguwar ko ruwan sha sai 'yan garuwa sun kawo.

Da hannunsa ya yi wa lilon fenti, ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya ruwan ɗorawa. Ya yi kyau, ba ƙarya. Ranar buɗewa yara suka auka wa filin kamar kaji sun ga tsaba, kafin magariba fentin kujerar jan lilo ya goge. Tsoho ya tsaya yana kallon wurin, ransa ya ɓaci matuƙa. Ya ce a zuciyarsa, in masu dubawa suka tarar da wannan, ai cewa za su yi ba mu iya riƙon kayan gwamnati ba. Washegari ya rataya wa ƙofar filin kwaɗo mai girman tafin hannu.

Kada ka ɗauka ba ya son yaran ne. Yana son su ƙwarai, aljihunsa ba ya rabo da alewa. Sai dai ya kafa musu doka: ranar Juma'a bayan la'asar kaɗai ake buɗewa, a cire takalmi a ƙofa, a hau ɗaya bayan ɗaya, kowa ya lila sau goma ya sauka, shi kuma yana biye da tsumma yana gogewa. Ƙwallo kuwa ko a mafarki, kada ta karya masa dashe. To ina yaro ina bin layi a wurin wasa? Cikin mako uku suka ɗauke ƙafa. Tsoho ya dubi filinsa tsaf-tsaf, ciyawa ta kwanta luf, ya ce alhamdu lillahi, ashe yaran nan sun yi hankali.

Da damina ta wuce sai ga jami'ar dubawa, wata mace mai shiru-shiru. Tsoho ya ɗauko babbar rigarsa ta Sallah ya sa, ya zaga da ita ko'ina yana taƙama. Ta yaba fenti, ta yaba dashe, sannan ta tsuguna ta leƙa ƙarƙashin lilo.

Ta ce, "Baba, ina ramin?"

Ya ce, "Wane rami kuma, 'yata? Ai nan ko tsinke ba za ki tsinta ba."

Ta ce, "Duk lilon da yara ke hawa, ƙafafunsu kan haƙa rami a ƙarƙashinsa. Naku ciyawa ce har idon sawu."

Rijiya ta tafi unguwar da ke ƙetaren titi. Abin ya tsaya wa tsoho a rai, ya kasa haƙuri sai da ya taka ya ga abin da suka fi shi da shi. Ya tarar da lilonsu babu ko ɗigon fenti, ɗaya ma da igiya aka ɗaure shi, bencinsu ƙafa uku da bulo. Amma ƙarƙashin kowane lilo akwai ramin da akuya za ta kwanta a ciki ta sake, ga ihun yara ba ka jin maganar na kusa da kai. Da ya duba da kyau, rabin yaran 'yan unguwarsa ne, kullum sai sun ƙetare titin motoci su zo. A kan lilon igiyar kuwa jikarsa ce a tsaye, ɗankwali ya zame, tana ƙyalƙyala wata irin dariya da bai taɓa jin ta yi a filinsa ba. Ya zauna a bencin nan mai ƙafa uku, kunya ta rufe shi, tausayin yaran ya kama shi har ya yi ƙwalla.

A ranar ya buɗe ƙofar filinsa bai ƙara rufe ta ba, yara suka dawo suka yi wa fentinsa kaca-kaca yana kallo yana murmushi. Amma rijiya ta riga ta tafi. Rani ya shigo, ya yi ta jidon ruwa a jarka da ƙarfin tsufansa, duk da haka cikin darbejiya ashirin huɗu kaɗai suka rayu. Shi ya sa masu iya magana suka ce, garin neman gira an rasa ido.